Masu Ciwon Tsohuwar Takarda a Damargu

A ƙasar Tarka, daga Balbeji har ka dangana da Tanut, in ana lissafin arzikin mutum rumbunansa ake fara ƙirgawa, sannan a leƙa garke. Mai hatsin shekara biyu shi ne mutum, mai raƙuma kuwa ko bai yi magana ba an ji shi. Amma cikin wannan jama'a ta manoma da makiyaya akwai wasu bayin Allah da dukiyarsu ba ta kiwo, ba ta haihuwa, in ka kai ta kasuwar dabbobi ba mai taya ta ko dala ɗaya. Tsohuwar takarda ce jarinsu.

Samun su a nan ba abin mamaki ba ne. Damargu hanyar ayari ce tun kaka da kakanni. Ta nan raƙuman Abzin ke saukowa da gishiri da dabino su koma da hatsi, ta nan kuma kayan Tarabulus ke wucewa zuwa Damagaram da Kano, cikinsu har da takardar Italiya mai tambarin wata uku, wadda malamai suka rubuta Alƙur'anai da littattafan fiƙihu a kanta. A Ingila da Faransa masu wannan ciwo suna da gidajen gwanjo da ƙwararru masu tantance bugun farko da sa hannun marubuci. Namu ba su da ko ɗaya, sai gardama da rantsuwa. Ga su nan iri-iri.

Magajin gafaka

Shi bai sayi komai ba, gado ya ci. Gafakar fata ce rataye can ƙuryar ɗaki, cikinta akwai littafin da kakansa ya rubuta da alƙalamin gamba. Shekarun littafin suna ƙaruwa gwargwadon girman mai tambaya. In ɗan maƙwabta ne, shekara ɗari. In ɗalibin jami'a ne daga Damagaram, ɗari uku. In Bature ne ya zo da mota mai tayar da ƙura, to an rubuta shi tun ba a kafa Agadas ba.

Ka ce, "Baba, a buɗe mana mu gani mana," sai ya dube ka sama da ƙasa.

"Yaro, wannan ba abin kallo ba ne. Ko ubanka bai gan shi ba, kuma ya fi ka hankali."

Shi kansa bai san abin da ke ciki ba. Ya hakikance asirin tsare gari ne, alhali sau da yawa Ishiriniya ce ko Ahalari, irin waɗanda ake shimfiɗawa bakin masallacin Juma'a a sayar. Ya zauna a kan gafakar nan kamar kaza a kan ƙwan da ya riga ya lalace, ba ya tashi, ba ya barin kowa ya matso. Almajiri ɗaya ne ke samun izinin karatu a wurinsa, wato gara, kuma ita duk damina sai ta sauke babi guda.

Mushe mai bugun farko

Tsohon malamin lakkwal ne, ya ajiye alli ya ɗauki tarihin ɗab'i. Ka tashe shi cikin dare zai gaya maka cewa a 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, kuma daga ita aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi ya biyo sahu. Zai ƙara maka da cewa Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa a Janairun 1939. Duk gaskiya ne, kuma ba ka tambaye shi ba.

In ka miƙa masa littafi ba ya karantawa, shinshinawa yake yi. Sai ya duba ko tsohon rubutu ne na zamanin da ake sa ɗigo ko ɗan waƙafi maimakon ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. In ya ga tambarin kamfanin ɗab'i na NNPC sai ya mayar maka da yatsu biyu.

"Ɗana, wannan kamfani jiya-jiya aka kafa shi, 1966. Kai wa yara."

Nasa Ruwan Bagaja, wanda ya rantse bugun 1934 ne, ba bango, ba shafin farko mai ɗauke da shekara, ba kuma shafukan ƙarshe. Shi ya sa hujjarsa ba ta taɓa faɗuwa, don abin da za a ƙaryata shi da shi ɓera ya riga ya cinye. Har yau bai san yadda tauraron labarin, Alhaji Imam, ya ƙare da Malam Zurƙe ba, kuma ya gwammace ya mutu bai sani ba da ya karanta ƙarshen a sabon bugu.

Mafaraucin sa hannu, da wansa

Wannan kullum da biro biyu a aljihu, don kada marubuci ya ce ba shi da abin rubutu. Babban abin taƙamarsa Sarraounia ne na Abdulaye Mamani, bugun Faris na 1980, da wani zane a shafin farko da ya ce hannun marubucin ne. Labarin yadda ya same shi ma girma yake yi. Da can gaisawa kawai suka yi a Damagaram. Daga baya suka ci tuwo akushi ɗaya. Bara kuwa na ji har shawara ya ba shi kan yadda za a ƙare littafin. Tun da Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, ba mai musa masa.

Ciwon ya yi nisa har bai ƙara bambance marubuci da wanda ba marubuci ba. Duk babban baƙon da ya sauka Balbeji sai ya tare shi da littafin wani: "Ranka ya daɗe, ko ɗan zane ne a yi mini." Akwai littafin lissafi ɗaya a wurinsa da ke ɗauke da hannun likitan dabbobi, da na mai duba makarantu, da na direban da ya kawo su.

Wansa yana birni, shi ne Alhaji babban mai ƙaddamarwa. Ranar bikin fito da littafi sai ya karɓi lasifika ya sayi kwafi ɗaya miliyan guda, da baki. A yi tafi, marubuci ya sa hannu yana rawar jiki, maroƙa su wasa Alhaji. Littafin ya kwana bayan mota tare da tayar ko-ta-kwana, ya shekara a nan. Marubuci kuwa ya bi kuɗin har takalminsa ya sille, kullum amsa ɗaya ce: Alhaji ya yi tafiya.

Mai wasiƙar Abdulkarim

Tarihi ya tabbatar da cewa Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratso Damargu tare da ayarin Kel Ewe. A Tagelel ne, cikin Janairun 1851, tawagarsa da abokan tafiyarsa Richardson da Overweg ta rabu: Richardson ya nufi Damagaram, Barth da Overweg suka kama hanyar Tasawa. Barth ya koma gida ya rubuta tafiyarsa cikin littattafai biyar da suka fito a 1857 da 1858. Wannan ɗan tarihin ya ishi mutuminmu. A cewarsa gidan kakan kakansa Abdulkarim ya kwana, ya sha fura har ƙwarya biyu, ya bar wasiƙar godiya.

In ya yarda da kai sai ya kulle ƙofa, ya kwance tsumma bakwai, ya fito da ita. Takarda ce mai layi-layi da aka yago daga littafin 'yan lakkwal, da jadawalin sau a bayanta, an rubuta ta da shuɗin biro. In ka tuna masa cewa biron Bic sai a 1950 ya fito a Faransa, ba ya girgiza.

"To ai ka ji! Nasara sun ɓoye shi ne shekara ɗari. Su manyan sun daɗe da shi."

Yana da ɗan'uwa wanda tasa wasiƙar ta gaske ce: tawadar gargajiya, takardar wata uku, rubutun Larabci mai kyau. Shekara da shekaru yana cewa sarkin Damagaram Tanimu ne ya aiko wa kakansa da ita. Ranar da ya tara jama'a aka kira malami ya karanta, sai ga shi wani falke ne ke tunatar da kakan bashin hatsi kayan raƙumi uku, yana haɗa shi da Allah ya biya. Tun daga ranar wasiƙar ta zama sirrin gida.

Dillali

Shi ba ya ciwon, maganin yake sayarwa. Ya san mai neman tsufa launi yake saye, don haka sabuwar takarda sai ta sha shayi, ta kwana uku a rataye saman murhu, a ɗan ƙona gefenta, ta fito da furfura. Duk abin da ke jakarsa daga Tumbutu ya zo, musamman tun 2013 da duniya ta ji an ƙona wasu rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba. In ya sami littafin gaske kuwa, tun da littattafan malaman zamanin da ba su da ɗinki, warƙa-warƙa ne, sai ya kasa shi uku ya sayar wa mutum uku, kowa ya tafi yana murna da cikakken littafi. Shi ne ya taɓa tallar Magana Jari Ce da sa hannun Abubakar Imam, bugun shekarun 1990, alhali Imam ya rasu tun 1981. Aka yi masa magana, ya ce ai shi ya sa ya yi tsada.

Mai aro

Ɗakinsa ya fi na kowa littattafai, kuma bai taɓa kashe ko dala ba. Buɗe kowane ɗaya za ka ga sunan wani a ciki, wani ma da gargaɗin Allah ya isa. "Aboki, kwana biyu kawai, jibi war haka yana hannunka." Jibin nan ba ta zuwa. In ka matsa sai ya ce shi ma wani ya ara. Shi kuwa ba ya ba da aro ko da wasa, don a cewarsa mutanen yanzu ba su da amana.

Yaya mai kwalla

A ƙarƙashin gadonta akwai kwalla cike da littattafan Kano: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, da na Bilkisu Funtuwa jeri guda. 'Yan kasuwa ne ke haɗo mata su da atamfa. Ba ta san wani abu bugun farko ba, ba ruwanta da sa hannu. Baƙin cikinta ɗaya ne a duniya: na ɗaya da na biyu suna nan, na uku wata ta ara ta tafi da shi gidan miji. Mushe yana raina tarinta, yana cewa takardar banza ce. Amma kaf cikin waɗannan mutane ita kaɗai ta karanta abin da ta tara, wasu ma sau biyar, kuma 'yan matan unguwa da dama a ɗakinta karatun boko ya zauna musu. Waɗannan littattafai da aka buga a araha yanzu su ne ke wuyar samu, har manyan jami'o'in waje na ajiye su.

Ɗan waya

Littafi dubu gare shi cikin wayar salula, duk an turo masa ta WhatsApp, bai buɗe ko goma ba. Yana yi wa tsofaffi dariyar gara da ɓera. Ran da wayar ta faɗa rijiya wajen ban ruwan shanu, laburaren ya bi ta.

Magada

Su ne ƙarshen kowane mai tari. Bayan sadakar bakwai sai a buɗe adaka. Abin da ke da rubutun Larabci ba mai yarda ya taɓa ƙasa, amma ana iya raba shi gado, namiji warƙa biyu mace ɗaya, har littafin da ya shekara ɗari a haɗe ya watsu gida shida. Na boko kuwa ba shi da wannan alfarma. Kafin arba'in tsofaffin jaridun Mushe sun isa wurin mai tsire, bugun farkon da aka hana kowa taɓawa ya naɗe ƙosan dala biyar.

Dariya dai mun yi, amma cikin gafakokin nan da adakokin nan akwai abin da babu shi a ko'ina: wasiƙun fatake, da takardun filaye da rijiyoyi, da waƙoƙin ajami da malaman karkara suka tsara ba a taɓa bugawa ba. Da irin wannan tarin na Bubu Hama aka kafa sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, haka kuma ɗakin littattafan Waziri Junaidu ya zama madogarar masu tarihin Sakkwato. Bambancinsu da mutanenmu shi ne sun bari an karanta.

Don haka mai gafaka, sauko da ita. Kakkaɓe ƙura, ka sa ta cikin akwatin ƙarfe, ka ɗora shi bisa duwatsu nesa da bango da yoyon damina. Kira malami ya karanta maka, ko da bashi ne zai fito. Bari yaran nan masu waya su ɗauki hoton kowace warƙa, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, kuma ka faɗa wa magadanka tun kana da rai cewa littafi ba a raba shi. Wanda ya hana mutane karanta takardarsa bai adana ta ba, gara ya yi wa tanadi.