Siyasar Alfawa a Teburin Shayin Tamanrasset

Na san halinku, masu karatu. Tun ban gama sallama ba wani Bakano ya riga ya taɓe baki, yana cewa ga shi nan ya dawo da ƙaryar matafiya, wai a tsakiyar hamada ake musu a kan Kamaye da Adama na wasan talabijin. To Malam, gyara zama. Kai da iyakar tafiyarka Kwanar Dangora, in ka yi nisa ƙwarai ka leƙa Zariya ka dawo kana ba da labari sati guda, ba kai za ka faɗa mini abin da ke bayan Agadas ba.

Bari in fara kai ka wurin, tunda taswira ba ta cikin kayan gadonka. Daga Agadas sai Arlit, sai Asamaka, ka tsallaka iyaka zuwa In Gezam, sannan ka ci kimanin kilomita 400 kafin duwatsun Hoggar su tare maka ido. Garin nan ne Tamanrasset, mutanensa suna ce masa Tam don sauƙin baki. A kan tudu yake, kusan mita 1,400 sama da teku, saboda haka mai zaton zafi kaɗai zai tarar ya taho da bargo, in ba haka ba daren Disamba zai koya masa hankali. Kuma Kano ta fi kusa da Tam a kan babban birnin Aljeriya kansa. Idan har yanzu kana tantama cewa Hausa ta zauna a garin, shiga kasuwa ka tambayi Balarabe sunan gasasshen naman da yake ci da yaji da albasa. Zai ce maka mainama. Sunan mai sana'a ya zama sunan abinci, kuma babu wanda ya nemi izinin Sarkin Pawa.

A unguwar Gata'al Wad na sauka, kuma a nan na sami teburin da nake ba ku labari. Mai shayin ɗan Tawa ne. Masu kujerar dindindin su huɗu: tela Badamagare, Bakano mai gyaran waya, wani tsohon direba Buzu da ya daina hawa hanya, sai wani saurayi ɗan gari da ya tsinci Hausa a bakin leburorin babansa. Waya ɗaya ake jinginawa a jikin gwangwanin madara, allonta ya tsage ta kusurwa, an ɗaure cajarta da zare don kada ta motsa. Kai biyar a kan allon da bai kai tafin hannu ba. In batir ya yi ja, sai a dubi Bakano kamar shi ya aiko da mutuwar.

Wata mai karatu za ta ce, to ai wannan kallon fim ne kawai, mene ne abin rubutawa? Hajiya, yi haƙuri, ba a kai ga shayi na biyu ba.

Duk mazan teburin nan sun rantse mini ba sa kallon fina-finan Turkiyya da ake sakawa da rana. Na mata ne, in ji su, na bayan azahar, lokacin da shaguna suke rufe kuma gari ya yi tsit. Na yarda. Sai dai ranar da saurayin nan ya ambaci Nur, wanda tashar MBC ta fassara da Larabcin Siriya a 2008 ya rikita gidajen Larabawa, tela ne ya fara gyara masa sunan kakan Muhannad, jarumin fim ɗin. Da aka tsare shi, ya ce ai a gidan da yake kai ɗinki yake jin sauti ta taga. Ta taga, jama'a, ya san wanda ya saki wa da wanda ya dawo daga mutuwa. Tsohon direba kuwa ya ce shi Murad Alamdar kaɗai ya sani, don wannan na maza ne, akwai bindiga a ciki.

Amma inda wuta take tashi shi ne a kan tsofaffin wasanni. Bakano ya ce tun da aka yi talabijin ba a yi kamar Samanja Mazan Fama ba, ya tashi tsaye yana ƙamewa, yana kwaikwayon Hausar bariki har ya ture kofi. Usman Baba Pategi ai sojan gaske ne kafin ya zama na wasa, kuma ya rasu a Nuwamba 2023, saboda haka sai da aka tsaya aka yi masa addu'a kafin a ci gaba da faɗa. Aka jero Ƙasimu Yero da Karambana, aka jero Karkuzu na Jos, aka jero Kuliya. Tela ya bari har ya gaji, sannan ya ce, “Ƙanena, lokacin da Yazi Dogo yake sa Nijar duka dariya a Télé Sahel, ku wutar kallon ma ba ku da ita.” Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa, ba a shiga. Bakano ya ce ai wutar da suka yi kallon da ita ma daga Kainji aka ba su aro. Mai shayi ya ce duk wanda ya sake ambaton wuta shi zai biya kuɗin gawayi.

Saurayi ɗan gari bai yarda a bar ƙasarsa a baya ba. Ya kawo Sufeto Tahar, ɗan sandan barkwanci da Hadj Abderrahmane ya fito a matsayinsa, mutumin da ya rasu tun 1981 amma har yau yara suna kwaikwayon maganarsa. Na lura da wani abu a nan: kowace ƙasa a teburin, gwanin dariyarta na da sanye yake da kaki ko yana riƙe da sandar hukuma. Na faɗi haka, aka yi shiru, mai shayi ya ɗaga buta sama yana zubawa har kumfa ta cika kofi. Ba a amsa mini ba.

Ga wanda ya ce ina siyasar da na yi alkawari, ga ta nan, sai dai ba za ka gan ta da rigarta ba. Yawancin baƙin da ke Tam ba su da cikakkun takardu. Tun yarjejeniyar da Nijar da Aljeriya suka yi a ƙarshen 2014 ake kwasar mutane a manyan motoci ana mayar da su kudu, wasu a sauke su a bakin iyaka su taka kusan kilomita 15 a rairayi kafin su ga Asamaka. Wanda ya san haka yana iya faɗa masa gobe da asuba ba ya zama a bakin titi yana kiran sunan shugaban ƙasa, nasa ko na masu masauki. Sai ya kira Bawa Maikada.

Wanda bai sani ba, Bawa Maikada gwamna ne a jihar Alfawa, jihar da babu ita a taswira, cikin shirin Kwana Casa'in da Arewa24 ta fara a 2019. A teburin nan, Alfawa tana da faɗi. Wata rana iyakarta ta kai Yamai, wata rana Abuja, wata rana ta miƙe har bakin Bahar Rum. Tela zai ce Maikada ya yi alkawarin sauka ya ƙi sauka, kowa ya gyaɗa kai, alhali a fim ɗin ba a yi haka a wannan makon ba. Bakano zai ce a Alfawa an cire tallafin mai talaka yana tafiya a ƙasa. Ni da na kalli shirin tun daga farko ban ga inda aka yi wannan ba, amma na gane jihar da ake nufi, ku ma kun gane, kada ku yi mini fuskar salihai.

Shi ma ɗan gari yana da tasa Alfawar. Sultan Ashur na Goma ne, wasan azumi na Djaffar Gacem da aka fara a 2015, labarin wani sarki a masarautar ƙirƙira, fadawa suna yi masa fadanci yana tafka shirme. An yi wannan ne Shugaba Bouteflika yana kan keken marasa lafiya yana mulkin Aljeriya, shekara huɗu kafin zanga-zangar 2019 ta sa ya ajiye. Saurayin ya rantse wasan dariya ne kawai. Muka ce mun yarda, kamar yadda muka yarda tela ta taga yake jin Nur.

Na ji wani malamin jami'a a cikinku yana gyaran murya, zai ce wannan tsoro ne aka yi wa kwalliya, mutanen kirki su fito fili su faɗi gaskiya. Allah ya ja zamanin Farfesa. Kai da fasfo a aljihu da albashi a banki, fito fili ka faɗa, muna bayanka daga nesa. Ni dai na ga abin da wannan zagaye-zagayen yake iya yi. Bayan sojojin Aljeriya sun harbo jirgi marar matuƙi na Mali kusa da Tin Zawatin a farkon Afrilu 2025, har Nijar da Mali da Burkina Faso suka janye jakadunsu, ɗan Nijar da ɗan Aljeriya sun zauna a benci ɗaya a teburin nan. Da sun kira abin da sunansa, da wuya a rabu lafiya. Sai suka yi awa guda suna musu a kan ko ya dace Sultan Ashur ya harbi tantabarar maƙwabcinsa don ta sauka a katangarsa. Tela ya ce tantabara ba ta san katanga ba. Saurayi ya ce mai tantabara ya sani. Tsohon direba, wanda ya yi shekaru yana ratsa iyakokin nan tun babu kwalta, ya ce shi a zamaninsa katangar ma babu. Aka sha shayi na uku, kowa ya biya nasa, saurayi ya biya na tela.

Kwana biyu kafin in taso, na zo na tarar da kujerar tela babu kowa, keken ɗinkinsa a rufe da buhu. Ban tambaya ba, don na koyi ladabin teburin. Can mai shayi ya ce an yi wa tela sauyin aiki zuwa Alfawa, amma ya aiko a ajiye masa kashi na gaba, kada Bakano ya goge. Bakano ya zaro memori daga aljihun gaba, a naɗe cikin takardar sukari, ya nuna mini. Ya ce na Badamagare ne, kuma in ya dawo sai ya biya dinari ɗari biyu kuɗin ajiya.