Wa za a ba tukuicin karta?

A gidajen cacar Las Vegas ta Amurka akwai ladabin da ba a rubuta shi a bango ba: wanda ya cinye kuɗin teburin foka yakan tura wa mai rabon karta dalar Amurka ɗaya ko biyu. Albashinsa ƙarami ne, wannan ihsanin ne cefanensa.

To, a gwada haka a fadar samari ta Tawa a ga rigima. Bilot ake bugawa, mutum huɗu, biyu-biyu, karta 32, kuma rabo zagayawa yake. Wanda ya raba yanzu, in ba abokin wasanka ba ne, abokin gabarka ne. Ka ci, sannan ka miƙa masa dala ashirin? Nan take za a ce da ma kun haɗa baki, a tono har cin da ka yi tun damanar bara.

Kuma ai kowa ya rantse ba caca ake ba, malam na iya wucewa.

Mai haƙƙi na gefe yana fifita gawayi: yaron da ke dafa shayi. Kofi na farko mai ɗaci, na uku ruwan sukari, duk shi ke jigila, amma sai a sallame shi da "Allah ya yi albarka". Kuɗin sukarin ma jira ake wani Ba'adare ya dawo daga Abijan da sabon yadi ya biya.

Ran da ka ci, malam, ka bar mai rabo da hassadarsa, ka ba mai shayi.