Zabiyan kwaɗo

A Turai da Amurka akwai masu kiwon kwaɗo cikin akwatin gilashi, har su zuba kuɗi su sayi zabiya: fari fat, ido jajur, don jikinsa ba ya yin sinadarin da ke ba fata launi. Wai ado ne. Asalinsa ma ɗan kudancin Afirka ne.

To, a kawo shi Falanko mana! Kwaɗon Damargu kan shafe rani binne a ƙasa, sai ruwan farko ya sauka ya fito bakin tabki yana hana mutane barci. Launin laka ke ɓoye shi. Wannan farin kuwa, shamuwa tun daga Tanut za ta hango kalacinta.

Jama'a, mai sha'awar kiwo ya nemi akuya, ita ko ba komai tana shiga kasuwar Belbeji.