Masu Jinyar 'Yar Tsana: Kowa da Irin Ɗorinsa

A birnin Kyoto na ƙasar Japan akwai wani kamfani mai suna Volks, wanda tun 2003 yake ƙera 'yar tsanar da ake kira Dollfie Dream. Tsayinta ya kusa santimita 60, kuma sai an ƙirga dubun-dubatar yen kafin a ɗauke ta daga kanti. Ba yara ake saya wa ba. Manya ne masu albashi, wasunsu har da furfura, suke saya wa kansu. Fatarta roba ce mai laushi da ake kira bainil, a cikin samfurorin yanzu kuma akwai ƙwarangwal na roba mai tauri, da kafaɗa da gwiwa da wuyan hannu da idon sawu, kowanne yana lanƙwasuwa. Haka ma Smart Doll, wadda Danny Choo, ɗan shahararren mai takalman nan Jimmy Choo, ya fito da ita a Tokyo a 2014. Ita kuwa Barbie, uwar gayya, tun 1959 take kasuwa, amma sai a 1964 ta samu gwiwar da ke tanƙwaruwa, yau kuma akwai samfurinta mai gaɓoɓi 22.

Inda duk aka samu gaɓa, targaɗe na nan tafe. A nan ne kuwa halin masu tara 'yan tsanan yake fitowa fili. Wajen saye duk ɗaya suke, kowa da fara'arsa. Sai ranar da gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa ake sanin wane ne wane.

Na farkonsu shi ne mai ƙarfin tuwo. Shi a wurinsa duk abin da ya ƙi motsi gardama yake yi, maganin gardama kuwa matsa. An kawo masa 'yar tsana cikin hunturu, kwalin ya kwana a motar masu aika saƙo, ko minti biyar bai jira ba ya kama hannunta zai sauya mata tafi. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya raina, shi ne bainil yana ƙanƙamewa cikin sanyi, ya saki jiki idan ya ji ɗumi. Shi ya sa masu hankali ke ɗan hura wa gaɓar iskar na'urar busar da gashi, ko su tsoma ta a ruwan ɗumi, sannan su zare ta a miƙe, ba tare da murɗawa ba. Mai ƙarfin tuwo ba ya da lokacin wannan. Sai ya ji ƙas, siririn sandan da ke riƙe da wuyan hannu ya rabu biyu, rabi a hannunsa, rabi ya maƙale a ciki. Daga nan zai ɗaga abin sama, ya juya shi gaba da baya, ya yanke hukuncin cewa kayan zamani ba su da ƙarko.

Kishiyarsa ita ce mai kulle. Ba ta taɓa karya gaɓa ba, domin ba ta taɓa taɓa gaɓa ba. 'Yan tsananta suna cikin kwalayensu yadda suka baro masana'anta, a jere har rufin ɗaki, kuma ko baƙo ya miƙa hannu sai ta yi gyaran murya. Tana da hujja, ba a raina mata: Barbie ta farko da aka sayar dala 3 a 1959, an yi gwanjon guda ɗaya mai lafiya a kan dala 27,450 a 2006. Lissafinta shi ne duk kwalin da ba a buɗe ba banki ne.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Asalin bainil, wato PVC, abu ne mai tauri, irin na bututun famfo. Abin da ke sa shi laushi wani sinadari ne mai maiƙo da ake cuɗa shi da shi, kuma wannan sinadarin ba ya zama wuri guda. A hankali yake tsattsafowa, ko an buɗe kwali ko ba a buɗe ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Idan ya fito sai fuska ta yi danƙo ta riƙa kama ƙura, ita kuma robar da ya bari ta bushe ta fara tsagewa. Idan ya tarar da roba mai tauri a kusa, narkar da ita yake yi. Wannan ne ya sa ake yawan ganin Barbie ta ƙarshen shekarun 1960 da ta shekarun 1970 da tabon narkewa a ƙugu, daidai inda cinya mai laushi ta haɗu da gangar jiki mai tauri. Ga kuma 'yan kunnen ƙarfe da ke yin tsatsa su rina kunnen tsohuwar Barbie kore, har ya bazu zuwa kumatu. Masu adana kayan tarihi sun daɗe da sanin wannan ciwo. Yvonne Shashoua ta gidan tarihin ƙasar Denmark ta yi shekaru tana nazarin yadda irin wannan roba ke lalacewa. Mai kulle dai tana ganin komai ta tagar ledar kwalin, tana kallon kunne yana ƙara kore, amma ta kasa buɗewa ta cire ɗan kunnen, don kada daraja ta faɗi.

Sannan ga boka. Wannan ya fi kowa daɗin hira, ya kuma fi kowa ɓarna. Ba a taɓa kawo masa matsalar da ya ce bai san maganinta ba. Gwiwa ta yi tauri? A ɗiga mata man keke. Ta yi sako-sako? A ɗiga mata gam mai kamawa nan take, a yi ta motsa ta kafin ya bushe. Dabarar gam ɗin nan wasu na dacewa da ita, amma tana buƙatar kada hannu ya tsaya, shi kuwa boka a daidai lokacin ne wayarsa ke ƙara. Kafin ya gama gaisawa gwiwa ta sandare har abada, 'yar tsana ta zama mai gadi, ba zama ba durƙuso. Man keken kuwa, kamar man fetur da danginsa, ba ya jituwa da roba. Ruwan goge jan farce mai asiton kuwa, wanda yake tsaftace komai da shi, cinye robar ƙwarangwal yake yi. Abin haushi, magungunan da ke aiki ba su da wani armashi: a ɗaure noti idan gaɓar mai noti ce, a naɗa siririn farin tef ɗin masu gyaran famfo a kan sandan da ya saki, ko a sayi sabon ɓangare, tunda kamfanoni irin su Volks da Obitsu suna sayar da sassan jiki daban-daban. Boka ba ya son waɗannan, domin babu abin ba da labari a cikinsu. Garin neman gira ya fi son ya rasa ido, in dai da masu kallo.

Mai ɗaukar hoto ba shi da mugun nufi. So yake a ga 'yar tsanarsa tsaye da ƙafa ɗaya a bakin teku, ko a kan gada, gashi na kaɗawa. Iska kan taimaka masa da sauran. Idan ya dawo gida a gajiye, sai ya ajiye ta yadda take, hannu a sama, gwiwa a naɗe, cikin baƙin wando, ya manta da ita wata biyu. Bainil kuwa shan rini yake yi, musamman na baƙin yadi da ja da shuɗi mai duhu, kuma ya fi sha a inda tufa ta matse, wato a gwiwa da gwiwar hannu. Don haka ne ake sayar wa 'yan tsanan nan wata siririyar rigar ciki mai launin fata da ke rufe jiki duka. Wanda ya makara sai ya nufi kantin magani ya sayi man ƙurajen fuska mai sinadarin benzoyil feroksaid, ya shafa a tabon, ya naɗe da leda, ya jira kwanaki. Mai kanti na yi wa magidanci ɗan shekara hamsin fatan samun sauƙi, shi kuma ya amsa da godiya, bai ce komai ba.

Akwai masu dashen kai. Su fuskar wannan suke so, da jikin waccan mai gaɓoɓi 22, saboda haka kullum suna cikin cire kai da mayarwa. Sun san a cikin wuyan Barbie akwai wata 'yar ƙugiya mai haƙora da aka yi musamman don kada yara su cire kan, kuma wanda ya fizge da ƙarfi zai tsage wuyan. Sai su sa kan a leda su tsoma a ruwan zafi, su lallaɓa shi ya fito, sannan su datse haƙoran ƙugiyar don gaba. Gwanaye ne, ba a musu. Matsalarsu ɗaya ce: launin fata. Za su yi awa guda a gaban taga suna gwada kai da wuya, suna tambayar duk wanda ya gifta ko ya ga bambanci. A ƙarƙashin gadonsu kuwa akwai akwatin da bai kamata mai shara ya buɗe shi da dare ba.

Mai asibiti ta fi su duka kwanciyar hankali, domin ta san iyakarta. A Amurka aka fi samunta, wajen masu 'yar tsanar American Girl, wadda Pleasant Rowland ta ƙirƙiro a 1986. Ita wannan 'yar tsana jikinta na yadi ne, hannuwa da ƙafafu na bainil, an ɗaure su da igiyar roba mai talewa wadda kan saki da tsufa har ƙafa ta riƙa reto. A tsofaffin samfurori kuma wasu zarurruka ne biyu a bayan wuya suke riƙe da kan, kuma ba a rasa uwa mai son tsafta da ta gan su suna lilo ta sa almakashi, kai ya gangara ƙasa. Kamfanin ya buɗe wa irin waɗannan asibiti: an yi shekaru ana aika 'yar tsana ta gidan waya, ta dawo da rigar majinyata, da abin hannu mai sunanta, da takardar shaidar samun lafiya. Mai asibiti takan adana takardar a wurin da ba ta adana katin rigakafin 'ya'yanta ba.

Duk abin da waɗannan suka ɓata, a hannun dillali yake ƙarewa. Shi ne mai tallar tsofaffi a intanet, kuma yana da harshensa na kansa. Idan ya rubuta cewa an ɗan yi wasa da ita, to mai ƙarfin tuwo ya riga ya bi ta kanta. Idan ya ce gaɓoɓinta ƙarfi gare su, boka ne da gam ɗinsa. Idan a duk hotunan tana sanye da doguwar safa, akwai abin da ke ƙarƙashin safar. Idan kuwa a kowane hoto tana jingine da bango, ba yanga ba ce, tsayuwar ce ta gagara. Tsofaffin hannu ba sa ɓata baki wajen ciniki da shi. Hoto uku kawai suke nema: ɗaya ba tufafi, ɗaya an ɗaga gashi a ga bayan wuya da kunnuwa, ɗaya kuma tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar tebur. Sau da yawa daga nan ne dillali kan amsa cewa, ai kuwa yanzun nan wani ya riga ya saye ta.