Sarkin Gajimare na Zongo

Allah ya ja zamanin ɗan ƙanena, toron giwar Zongon Kwatano, ƙi-bacci ƙi-wanka, namijin da ya rantse sai ya ƙera wasan waya na ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa mai rawayar riga, daga Zongo zuwa kasuwar Dantokpa. Damina biyu ke nan da rantsuwar.

Ƙananan mutane da wasan suke farawa. Gwarzonmu da injin haɗa wasan ya fara. Da hannunsa mai albarka ya rubuta umarnin da ya ɗaura auren GitHub da Unity, ya sa AWS waliyyi. Ko waƙafi ya gyara ya tura, GitHub Actions zai tashi wata kwamfuta a wata uwa duniya, ta harhaɗa wasan, ta fitar da fayil ɗin Android, ta ajiye a rumbun gajimare, sannan a aiko masa da albishir a waya. Shi ke aika wa kansa, shi ke karantawa, shi ke yin godiya. Wane sarki aka taɓa yi wa irin wannan fadanci?

Na ga abin da idona. Ya zaunar da ni a tabarma, ya ce, "Baba, duba nan." Na duba: alamar kore reras, kamar shuka a fadama. Da, in ji shi, ja ke fitowa, don akwai gwaje-gwajen da ke kama kuskure. Sai ya goge gwaje-gwajen. Likitan da ya karya ma'aunin zafi, ai ya gama da zazzaɓi har abada.

Wasan kansa ya fi ƙarfin yabo. Ɗan zemijan na ratsa bango kamar waliyyi, ya isa gada ya nutse cikin kwalta, hularsa kaɗai ke ƙarasawa Dantokpa. Kullum injin na haɗa wannan karama sabuwa fil, ba gajiya, ana lissafa masa minti-minti da dalar Amurka, mahaifiyarsa na biya da sefar tuwo.

Ga kyauta kuma, ta gaban kwatance. Mabuɗin sirrin asusunsa ya bar shi a fili cikin rubutun, don kada baƙo ya sha wahalar ƙwanƙwasa ƙofa. Baƙi kuwa sun zo, sun yi aikinsu da kwamfutocin haya, suka bar masa takardar kuɗi don tunawa.

Sai hangen nesa. A Satumban 2023 Unity ta ce manyan wasannin da aka ƙera da manhajarta za su riƙa biyanta har santi 20 duk lokacin da wani ya sauke su. Masu ƙera wasa a duniya suka yi ta kururuwa har aka soke tsarin a 2024. Gogan ko gezau. Tun da wuri ya tsare wasansa daga sharrin masu saukewa, har yau mutum ɗaya ne ya yi kuskuren sa shi a waya, kuma tun ranar wayata take zafi.