Mu da Kayan Chaina a Nima

Wajen kushe kayan mutane, mu 'yan Zango ba mu da na biyu. Mace ta gifta da sarƙa tana walƙiya, kafin ta sha kwana an yanke mata hukunci a bakin teburin mai koko: "Chaina ne." Mai faɗar kuwa, a leƙa ƙarƙashin mayafinta, ƙanwar waccan sarƙar ce a wuyanta.

A bakinmu Chaina ta daina zama sunan ƙasa. Duk abin da ke ƙyalli, ga araha, ga shi ba ya jure wanki biyu, sunansa ke nan, ko a Kumasi aka ƙera shi. Kishiyarsa orijina. Wayar iPhone ma yawancinta a can ƙasar ake harhaɗa ta, amma je kasuwar waya ta Circle ka kira ta Chaina ka ga yadda mai shago zai harare ka. Turawan Ingila su ma suna da tasu kalmar, "tawdry". Asalinta sunan wata waliyyiyarsu ce ta Kirista, Audrey, wadda ta rasu a 679. A kasuwar bikin tunawa da ita a garin Ely ake sayar da wani adon wuya na mata, har ya cika gari ya zube daraja, sunan baiwar Allah ya koma na kayan ƙyalƙyal banza. Ashe ba a kanmu farau ba.

To me ya sa muke saya, alhali tun kakanni muna cewa araha ba ta ado? Tambayi yayi. Daga Nima zuwa Maamobi, har Newtown, da wuya Lahadi ta wuce ba aure, ga suna a tsakiyar mako, kuma kowace amarya da zanen da ta fitar. In ba ki ɗinka ba, an ce ba kya yi da mutane. In kin maimaita na watan jiya, hoto zai tona ki a Facebook. Wace mai sayar da waakye ce za ta yanki Holan, na kamfanin Vlisco, duk mako? Ko GTP ɗinmu na Tema sai an yi shawara da adashi. Sai a gangara Makola, ko a jira Laraba, ranar kasuwar Nima, a ɗauko zanen Hitarget na Chaina, tela ya zuba masa duwatsu, a ci biki lafiya.

Maza, ku daina dariya. Mun ga agogon Sallah, mai ruwan gwal, wanda allurarsa ke tsayawa kafin a sauko daga Idi. Mun ga takalmin da ya rabu da dunduniyarsa a ƙofar trotro, mai shi ya sauka yana cewa dama ya matse shi. Kuma duk wannan a ƙasar da ake haƙo zinariya a Obuasi, wadda Turawa da kansu suka raɗa wa suna Gaɓar Zinariya kafin 1957!

Inda abin yake da ciwo shi ne masaƙunmu. Ana kwafe zanen GTP da na Akosombo a buga a waje, a shigo da shi ta ɓarauniyar hanya, a karya farashi, ma'aikata su rasa aiki. Gwamnati ta ɓullo da sa kayan gida ranar Juma'a tun 2004, amma aljihu ba ya jin wa'azi.

Ni dai ban ga laifin Hajiyar da ta sa sarƙar sidi talatin ta yi rawarta ba. Wadda nake ƙara da ita ita ce mai rantsuwa cewa daga Dubai aka aiko mata, ga wuyanta ya yi kore tun kafin a raba abinci. Yaya, in an tambaye ki, ki ce Makola, ki faɗa mana layin, mu ma muna da aure ranar Lahadi.