Rangwame Ya Fi Ƙarfina

Kowa da tasa jarabar. Wani goro, wani ƙwallon Turai, wani kuma ba ya iya wuce mai tsire bai tsaya ba. Tawa kayan keke ce. Ku lura, ban ce hawan keke ba, kayansa na ce. Da zarar na ga wani ƙarfen keke a shagunan intanet na China an ja layi a kan tsohon farashinsa an rubuta sabo da jan rubutu, to an gama da ni. Ko ina da irinsa a gida sai na tsaya na duba hotuna, na karanta abin da waɗanda suka riga ni saye suka ce, sannan in jefa shi cikin kwando da sunan ajiya kawai nake yi.

Ina da hujja, kuma mai kyau. A ƙarshen watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kowa ya shiga neman mafita. Masu hankali suka je kasuwa suka sayi keken gwanjo, wasu suka janyo tsohon Raleigh ko Phoenix na mahaifinsu daga zaure, suka kakkaɓe, suka ba shi iska suka haye. Ni kuwa na ce ai ni ɗan boko ne, da hannuna zan haɗa nawa, kuma irin na 'yan tsere. Na zauna da biro da takarda. Gangar keke, wato firam, ta manyan kamfanoni tana cin dubban daloli. Amma a masana'antun Xiamen da Shenzhen akwai masu zuba firam na zaren kabon a mazubin da ba na wani kamfani ɗaya ba ne, kowa na iya saye ya manna sunansa, su sayar maka kai tsaye a kan dala 400 zuwa 600. Ba sa biyan kuɗin talla, ba sa ɗaukar nauyin 'yan tseren Tour de France, babu dillali a tsakani. Wannan lissafi gaskiya ne, har gobe ina kan bakana. Abin da biro bai rubuta ba shi ne a watan Yuni na shekarar aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta bi hanya har ta haura 1,500 a 2024. Sai ya zamana kowane ƙarfe na baya ya fi na gabansa ciwo.

Ranar da firam ya iso na ɗaga shi da yatsu biyu, nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. A jikin takardarsa an rubuta T800, wani nau'in zaren kabon na kamfanin Toray na Japan. Na gyaɗa kai irin na masana, alhali ko T8 aka rubuta haka zan gyaɗa. Uwargida ta leƙo cikin kwalin, ta ɗaga soson da aka naɗe shi da shi, ta sake leƙawa.

"Malam, ina sauran?"

Na ce sauran na tafe. Ban yi ƙarya ba. Har yau suna tafe.

Inda aka fara kama ni shi ne ramin da ke gindin firam, inda sandar feda take juyawa a kan boris. A tsohon keke wannan rami zare gare shi, faɗinsa milimita 68 a ma'aunin Ingila, ka murɗa kwanon boris ya shige, sai dai ka tuna na ɓangaren sarƙa hagu ake ɗaure shi. Shi na sani, shi na saya. Nawa firam ɗin kuwa ba shi da zare ko kaɗan. Irin wanda ake dannawa ne da ƙarfi, faɗin milimita 86.5, bakin rami 41. Da na shiga bincike sai na tarar ashe dangi ne babba: akwai na Italiya mai faɗin 70, akwai BB30 mai bakin 42, akwai PF30 mai 46, ga kuma T47 da ya dawo da zare bayan mutane sun gaji da ƙarar waɗanda ake dannawa. Duk aikinsu ɗaya, feda ta juya, amma babu wanda ke shiga gidan wani. Na sayi daidai. Da ya zo aka ce ba a buga shi da guduma, akwai na'urar da ke matsa shi a hankali ya shiga a miƙe. Na duba, ita ma an yi mata rangwame.

Daga nan abin ya zama jerin gwano. Tayoyin da na saya masu siririn tsinke ne da ake ɗaurewa da hannu, firam kuma yana neman kakkaurar sanda mai kaurin milimita 12. Birkin ya zo da mazauni iri ɗaya, firam yana da wani iri. Faifan birkin na noti shida ne, cibiyar tayar kuma ta kulle ɗaya ce a tsakiya. Sandar sirdi 27.2 na saya, ramin ya fi ta faɗi, ta zurma ciki har wuya.

Kada wani ya zargi masu sayarwa. Duk waɗannan lambobi suna nan a rubuce a shafin, baƙi da fari. Mutumin da ke amsa min saƙo, wanda kullum yake kirana babban abokinsa, har zane ya turo min mai awo. Matsalar ita ce da tsakar dare nake cefanen, gida ya yi tsit, ga agogo a gefen farashi yana ƙirga mintunan da suka rage kafin rangwamen ya ƙare. A wannan lokaci idona ba ya ganin milimita. Ranar 11 ga Nuwamba kuwa, da shagunan China ke yin gagarumin ragi na shekara, ko ɗaurin aure aka gayyace ni jikina ne kawai ke zuwa.

Ga inda abin ya zama ciwo sosai, kuma shi nake jin kunyar faɗa. Mai hankali idan ya sayi abin da bai dace ba, ya mayar, ko ya sayar, ko ya haƙura. Mayarwa China kuɗin aikawa ya fi kuɗin kayan. Sayarwa kuma, wa za ka tallata wa kwanon boris mai zare a unguwarmu? Sai na tsaya ina kallon tayoyin nan biyu masu tsinke, sababbi fil, jingine a bango, ga sandar sirdi, ga kwanon boris, ga birki. Zuciya ta ce min ai wannan rabin keke ne, asara ce a bar su haka. Na saya musu firam na alminiyon. Kamar wanda ya tsinci linzami ya ce dole sai ya sayi doki. Shi ma sabon firam ɗin ya zo da nasa buƙatun, abin da ya ragu daga gare shi kuma na fara jin yana kama da rabin wani keken.

Na ma gane cewa jiran ya fi min kayan daɗi. Lambar nan da ake bayarwa ta bin sawun kaya, ina idar da sallar asuba ita nake fara dubawa. Ya bar Guangzhou. Yana hanya. Ya sauka Legas. Sai ya yi shiru a can, ni kuma in ta latsa waya ina sabuntawa, wai ko zai ji kunya ya motsa. Ranar da ya iso hannuna, na yage leda na juya shi gaba da baya, daɗin ya ƙare, sai in ajiye shi a kan kwali in koma duba na gaba.

Wayoyin birki da na giya a irin wannan keke ta cikin firam suke bi, don kyan gani da rage tirjiyar iska. Ka tura ta wannan ƙaramin rami, ka yi fatan ta fito ta wancan. Ba ta fitowa. Tana shiga ta naɗe a wani lungu da ido ba ya gani. Dabarar da na koya ita ce a zura zare a ɗaura masa ɗan ƙarfe, a ja shi da maganaɗisu ta waje. Na ɗauko zaren ɗinkin uwargida, na baje a tsakar ɗaki, tocila a baki domin an ɗauke wuta, ina bin jikin firam da maganaɗisu a hankali ina sauraren ɗan ƙarfen yana ƙwas-ƙwas a ciki. Yara suka zagaye ni. Ƙaramin ya tambayi yayarsa ko Baba ruƙiyya yake yi wa keken.

Da na gaji na ɗauke shi zuwa wurin wani dattijo mai gyaran keke a gindin darbejiya, wanda tun muna makarantar firamare yake yi mana faci. Kayan aikinsa guduma, sifana, filaya, tsohon famfo da kwanon ruwa na neman huji. Ya karɓi firam, ya auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Alhaji, wannan ai roba ce."

Na ce, "Baba, kabon ne, da shi ake yin jirgin sama."

"To madalla. In ya karye wa zai yi maka walda?"

Na yi shiru, domin tambayar ta zauna daidai. Ƙarfe in ya sha wahala lanƙwasa yake yi, ya ba ka sanarwa. Kabon tsagewa yake yi, wani lokaci ta ciki, ba a yi masa walda. Shi ya sa notinsa ma da awo ake ɗaurewa, an rubuta 5 Nm a jikin wuyan kan keken, kuma akwai sifana ta musamman da ke yin ƙas idan an kai. Baba bai san da wannan ba. Ya ga wani abu bai zauna ba, ya miƙa hannu ya ɗauko guduma. Ihun da na yi sai da mai shayin da ke gefe ya zubar da madara. Bakin tib ɗina siriri ne, bai shiga famfonsa ba. Tayoyin da ya rataye na inci 28 ne irin na Phoenix, masu milimita 635, rim ɗina kuma 622. Da na ce birkin da mai yake aiki, ya ce yaro ya karɓo na mota a wurin bakanike, na ce a'a, nawa wani mai ne daban, na mota zai cinye robobin ciki. Ya miƙo min kayana da hannu biyu.

"Allah ya ba da sa'a, Alhaji. Araha dai ba ta ado."

Da taimakon bidiyon intanet keken farko ya tashi, kuma ba zan ɓoye ba, yana gudu. In ka taka sau ɗaya sai ka ji ya zame daga ƙarƙashinka. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta wa 'yan gasa hawan keken da bai kai kilo 6.8 ba, ni kuma na ɗauki wannan lamba na sa a raina, har na biya kuɗi don in rage 'yan giram a mariƙin gorar ruwa. Mutumin da ke wannan lissafi shi ne wanda ba ya tashi daga gaban tuwo sai ya nemi ƙari. Matsattsen wandon 'yan tsere ma na saya, na gwada a ɗaki, na dubi madubi, na tuna ina da surukai a unguwar, na ninke shi. Da kaftani nake hawa, ina tattare shi kada sarƙa ta kama. Tayar kuwa faɗinta milimita 25, an yi ta ne don kwalta mai santsi, ba ta san tsidau ba, ba ta san ramukan bayan damina ba. Na yi faci a bakin hanya har masu shagunan layin sun daina yi min sannu.

Yanzu haka ma keken yana jingine. Akuyar maƙwabta ta shigo zaure ta ture shi, ya faɗi ta ɓangaren sarƙa, ɗan ƙarfen da ke riƙe da na'urar canja giya ya lanƙwashe. Da gangan ake yin sa da taushi don ya karɓi bugu a madadin firam, kuma kusan kowane firam da irin nasa, ba a samunsa a kasuwa sai wurin wanda ya sayar maka. Kuɗinsa kaɗan ne. Sai dai babban abokina ya ce in sayayyata ta kai wani adadi, aikowa kyauta ce. Na ƙara da sabon kan keke na kabon don a cike, duk da ba ni da keken da ke buƙatarsa tukuna. Kafin su iso, a adaidaita sahu nake zuwa aiki.